Kabarin da Aka Haƙa wa Isiyaku

Malam Balarabe dillalin fata ne a kwata, amma da wankan gawa aka fi saninsa a Agege. Shekara talatin da ɗaya ke nan tun ranar da limamin unguwa ya fara kiransa ya riƙe masa buta, har ta kai duk namijin da ya rasu tsakanin layin dogo da bayan kasuwa, shi ake aika wa. Sau da yawa ma kafin mutanen gida su tabbatar suke kiransa. Sai ya zo ya ɗora tafin hannu a goshi, ya taɓa wuya, ya ce a rufe shi. Bai taɓa faɗa ba aka ga saɓanin haka.

Ƙaninsa Isiyaku mahauci ne, uwa ɗaya uba ɗaya suke, Balarabe ne ya ɗauko shi daga Ringim ya kawo shi Legas tun bai fara gemu ba. Halinsu ya sha bamban. Balarabe yakan wuni bai yi magana goma ba, shi kuwa Isiyaku yana fiɗa yana zolayar matan da ke sayen kayan ciki da Yarbanci, ana jin dariyarsa tun daga bakin ƙofar kwata. Isiyaku yana da mata ɗaya, Sakinatu, da 'ya'ya huɗu.

Wata Talata da hantsi, wani farin bijimi da aka sauko da shi daga tirela ya tsinke igiya. Mutane suka watse. Isiyaku yana sunkuye a kan aikinsa, ya miƙe ya juyo don ya ga abin da ake gudu, sai ƙahon ya shige ƙarƙashin haƙarƙarinsa na dama. Bijimin ya ɗaga shi sama, ya yar da shi, ya wuce.

Balarabe yana can yana barbaɗa wa fatu gishiri, bai fi taku ashirin ba. Ya iso ya warware rawaninsa, ya cusa a ramin, ya danne da hannu biyu. Jinin baƙi ne, kuma ba tsartuwa yake ba, malalowa yake kamar an buɗe famfo. Duk wanda ya yi aiki a kwata ya san daga inda irin wannan jini yake fitowa.

Hamani ne ya fara kawo mota. Bazabarme ne daga Dosso, yana tuƙa motar da ke rarraba nama, kuma kullum yana kai nama barikin soja.

"Malam, mu tafi asibitin soja," in ji shi. "Masu tsaron ƙofa sun san motata. Akwai lokotoro a can koyaushe." Likita yake nufi.

Aka kwantar da Isiyaku a bayan motar, Balarabe ya durƙusa a kansa bai ɗaga hannu ba. Hamani ya danne oda bai sake ba. 'Yan okada biyu da suka ga jini na ɗiga daga motar suka shige gaba suna kora motocin danfo gefe. Isiyaku ya ce yana jin ƙishirwa. Can kuma ya ce, "Yaya, duhu nake gani." Balarabe ya sunkuya daidai kunnensa yana laƙƙana masa kalmar shahada, shi kuma yana amsawa, muryar tana ƙara yin nisa. Suna shiga ƙofar asibitin ya daina amsawa.

Sojoji suka ɗora shi a gadon turawa suka ruga da shi wani ɗaki, Balarabe yana biye, hannunsa na kan rawanin. Wata mace gajera cikin kakin soja ta tare su. Sunanta na rubuce a ƙirjin rigarta, Manjo Fareeda. Ta sa yatsu biyu a wuyan Isiyaku, ta dubi Balarabe ta yi masa Hausa.

"Baba, yaushe ya daina magana?"

"Yanzu, a bakin ƙofa."

"To ɗaga hannunka, ka ja baya."

Aka danna ƙirjin Isiyaku, aka zura masa bututu a maƙogwaro, aka rataya jini. Ba a daɗe ba ta karɓi wuƙa ta tsaga ƙirjin daga gefe, ta buɗe haƙarƙarin da wani ƙarfe. Balarabe ya ga zuciyar ƙaninsa da idonsa. Ya ga zukatan dabbobi ba adadi, ya san yadda zuciya take idan jini ya ƙare mata. Wannan a yamutse take, ba komai a cikinta, kuma ba ta motsi.

Manjo Fareeda ta dubi agogon bango, ta faɗi wata kalma da Turanci. Nan take ɗakin ya sake kama. Mutum biyu suka ruga suka turo wani firji mai taya, suka fara ciro manyan ledojin ruwa masu raɓa a jiki. Wani saja dogo ya kama Balarabe a kafaɗa ya fitar da shi, amma ƙofar tana da gilashi, kuma ba wanda ya hana shi tsayawa a nan.

Ya ga ta zura wani bututu mai kauri a babbar jijiyar da ke fitowa daga zuciya. Ya ga ruwan yana shiga da ƙarfi, leda bayan leda. Abin da ke fitowa ta ɗaya gefen ja ne da farko, sai ya koma kamar ruwan wankin nama, daga baya ya zama fari tas. A ganinsa ɗan jinin da ya rage wa Isiyaku ne suke wankewa. Jikin ya koma launin toka.

Da suka buɗe ƙofa suka turo gadon za su ɗakin tiyata, ƙafar Isiyaku ta dama tana waje, mayafin bai rufe ta ba. Balarabe ya kama ta suna wucewa. Ya san sanyin gawa, sanyi ne irin na ɗakin da take kwance. Wannan ya fi shi nesa ba kusa ba, kamar ya taɓa naman da ya kwana a ƙanƙara. Ido a buɗe rabi, ƙirji ba ya ɗagawa.

Ya yi innalillahi. Ya wanke hannunsa a famfon baranda, ya ciro waya ya kira liman, ya ce Allah ya yi wa Isiyaku rasuwa, a sa yara su haƙa kabari, yana so a rufe shi kafin magariba. Sannan ya kira Sakinatu ya faɗa mata. Bai ji abin da ta ce ba, wata mata ce ta karɓi wayar.

Ya je ya sami sajan nan da ya fitar da shi daga ɗakin ɗazu. Bitrus sunansa, mutumin Filato ne, ma'aikacin jinya.

"Ina roƙon arziki," in ji Balarabe. "A ba ni gawar ɗan'uwana. Kada a ƙara yanka shi."

Saja Bitrus ya dube shi, ya jawo benci ya ce ya zauna.

"Baba, ba gawa ba ne tukuna. Oga tana aiki a kansa."

"Na ga zuciyarsa. Na taɓa shi."

"Gaskiya ne, zuciya ta tsaya. Sanyin kuwa mu muka sa masa, da gangan."

Ya yi masa bayani da Hausarsa ta barikin soja, yana nuna kansa da yatsa. Ya ce idan jini ya ƙare zuciya ta tsaya, ƙwaƙwalwa ba ta wuce kamar minti biyar ta lalace, kuma ba likitan da zai iya ɗinke babbar jijiya a minti biyar. Amma idan aka sanyaya jiki sosai, da sauri, komai na jikin yakan lafa, ƙwaƙwalwa ta daina neman iska kamar da. Sai minti biyar ɗin ya zama kusan awa guda. A cikin awar nan likita zai ɗinke abin da ya yage. Bayan haka a haɗa mutum da injin da ke yin aikin zuciya da huhu, a mayar masa da jini, a ɗumama shi sannu a hankali.

"Don sojoji aka yi shi," in ji Bitrus. "Na yi shekara huɗu a daji. Yara nawa na ɗauko, jini ya ƙare musu a hannuna kafin mu kai wurin likita. Shekara biyu muna koyon wannan aiki. Ɗan'uwanka ne mutum na uku."

"Biyun fa?"

"Ba su tashi ba."

Balarabe ya gyaɗa kai. Bai sake kiran liman ba. A ransa ya riga ya gama, likitoci ne dai ba sa son su saki. Ya bi Hamani masallacin bariki suka yi azahar, ya dawo ya zauna a bencin yana lissafin yadin likkafani da wanda zai riƙe masa buta, don bai tabbata hannunsa zai iya wannan wankan shi kaɗai ba.

Ƙarfe uku saura kaɗan Manjo Fareeda ta fito. Ta cire hular tiyata, gumi ya jiƙa mata wuyan riga. Ta ce wa wata nas wani abu da Yarbanci, sannan ta zo ta tsaya a gabansa.

"Baba, ban nemi izininka ba, babu lokaci. Ka yi haƙuri. Taso ka gan shi."

Aka ba shi riga da takalman roba, aka sa ya wanke hannu har gwiwar hannu. Isiyaku yana kwance cikin igiyoyi da bututai, inji yana hura masa numfashi. Launin tokar nan ya tafi. Balarabe ya tsaya daga wajen ƙafa, ya daɗe bai matsa ba. Sannan ya kama ƙafar dama, wadda ya taɓa ɗazu. Ba ta yi ɗumin mai lafiya ba, amma da ɗumi. Ya zagaya ya sa yatsu a wuya, daidai inda ya saba sawa. Wani abu ya buga a ƙarƙashin yatsunsa. Ya jira, ya sake bugawa. Ya tsaya yana ƙirgawa har ya wuce arba'in, ya rasa inda yake, ya sake farawa.

Ya zauna a ƙasa a gefen gadon. Bakinsa yana tasbihi, shi kansa bai san lokacin da ya fara ba.

"Hantarsa ce ta yage, da babbar jijiyar da ke bayanta," in ji Manjo Fareeda. "Mun ɗinke. Minti arba'in da bakwai ya yi ba jini a jikinsa, ba bugun zuciya. Da muka mayar da jini ya fara ɗumi, zuciyar ta soma rawa, muka ba ta wutar lantarki sau ɗaya ta kama. Amma kada ka sa rai da yawa. Ban san ko zai farka ba, kuma in ya farka ban san yadda ƙwaƙwalwarsa za ta kasance ba."

Balarabe ya ɗago kai.

"Likita, a minti arba'in da bakwai ɗin nan, ina ransa yake?"

Ta girgiza kai.

"Wannan ban sani ba, Baba. Ba a koya mana shi ba."

A baranda ya kira Sakinatu. Yana jin muryoyin mata a bayanta, an riga an cika gidan.

"Sakinatu, Isiyaku yana da rai."

Sai ta ce:

"Yaya, kai ne ka ce ya rasu."

"Ni ne."

"Ka taɓa shi?"

"Sau biyu. Na farko da sanyi, na biyu da ɗumi. Ga Hamani nan zuwa ya ɗauko ki."

Ya bi motar zuwa Agege. A ƙofar gida an shimfiɗa tabarmi, mahauta sun rufe aiki sun zo, tela ya riga ya yanka likkafani. Ya tsaya a gabansu ya faɗi abin da ya gani daga farko har ƙarshe, bai rage ba bai ƙara ba. Ba wanda ya katse shi. Da wani ne ya kawo labarin da an ce ruɗewa ce, amma shi ne. Wani dattijo ya cire hularsa ya riƙe a hannu yana kallon ƙasa. Liman ya ce rai bai fita ba ke nan, ajali bai yi ba, kuma Wanda ya halicci sanyi shi ya sanar da mutane amfaninsa.

Sannan liman ya ja shi gefe. Ya ce kabari kam an gama haƙa shi. Amma tsoho Sa'idu, mai gadin shagunan bakin titi, ya cika da azahar bayan doguwar jinya, kuma ba shi da kowa a Legas. Ko a sa shi a ciki?

Balarabe ya ce a sa shi. Ya ɗauki butarsa ya tafi ɗan ɗakin da tsohon yake kwance. Ya ɗora hannu a goshi, ya sa yatsu a wuya. Abin da yakan yi cikin ƙiftawar ido, ranar nan ya kasa gamawa. Ya ɗaga yatsun ya sake mayarwa. Ya kara kunne a ƙirji. Liman yana tsaye a bakin ƙofa da mutum uku, rana tana yin ƙasa.

"Malam Balarabe, lafiya?"

"A ba ni ɗan lokaci."

Sai da ya ɗaga hannun tsohon ya ji ya fara sandarewa, sannan ya yi bisimilla ya fara zuba ruwa. Da likkafanin da aka yanka wa Isiyaku aka suturta Sa'idu.

Kwana huɗu Isiyaku bai motsa ba. Sakinatu tana wuni a bencin baranda, ana barinta ta shiga sau biyu a rana. A rana ta biyar da safe tana tsaye a kansa tana ba shi labarin yara, sai ya buɗe ido ya bi ta da kallo. Da aka cire masa bututun maƙogwaro bayan kwana biyu, abin da ya fara tambaya da dasasshiyar murya shi ne ko an kama bijimin.

Sauƙin bai zo da sauri ba. Ƙodarsa ta tsaya, sai da aka yi mako biyu ana wanke masa jini da inji kafin ta dawo aiki. Ciwon ya yi ruwa, aka sake shiga da shi tiyata. Maganarsa ta yi nauyi, yakan nemi kalma ya rasa, hannunsa na hagu kuma yana rawa. Amma ya gane kowa, ya kira 'ya'yansa da sunayensu, Yarbancinsa ma bai tafi ba.

Balarabe yana zuwa kullum bayan la'asar. Wata rana da suka rage su biyu ya matso da kujera.

"Isiyaku, me ka gani?"

"A ina, Yaya?"

"A lokacin."

Isiyaku ya yi tunani sosai, don ya ga yayan nasa da gaske yake.

"Farin goshin bijimin na gani. Sai bayan motar Hamani, kana yi min magana. Sai fuskar Sakinatu. Ba komai a tsakani, ko mafarki."

Akwai tambayar da ta fi wannan damun Balarabe, ya yi kwanaki yana ɗauke da ita. Ya tare Manjo Fareeda a baranda ranar da ta zo duba ɗinkin. A lokacin ya riga ya ji cewa a Agege aka haife ta, mahaifinta tela ne a bakin tasha, kuma ta yi shekaru a ƙasar waje tana koyon wannan aiki.

"Likita, ni mai wankan gawa ne. Na wanke mutane sun fi dubu. A cikinsu akwai waɗanda da an kawo miki da sun tashi?"

Ta dube shi ta ce:

"Waɗanda ciwo ko tsufa ya ɗauka, a'a. Wannan aiki na wanda jini ya ƙare wa ne, jikinsa lafiya lau, kuma sai in zuciyar ta tsaya a gabanmu ko dab da ƙofarmu. Da ɗan'uwanka ya yi shiru tun a kwata, da ban taɓa shi ba. Waɗanda aka kira ka kansu, lokacin ya wuce tun kafin ka iso. Ba ka binne mai rai ba, Baba."

"Amma na ce ya rasu."

"Abin da ka gani, ko wane likita ya gani haka zai ce, in ba ya san abin da muka zuba masa ba. Ni ma ban dawo da kowa ba. Jinkiri kawai na nema masa, aka ba ni."

Ta ce wata mai zuwa za ta tafi arewa maso gabas da ita da Saja Bitrus da firjinsu, can ne aka fi buƙatarsu. Balarabe ya yi mata addu'a doguwa, tana tsaye hannuwanta a buɗe tana amsawa.

Bayan mako bakwai aka sallami Isiyaku. Unguwa ta yi ta zuwa kallonsa, har Yarabawan da yake sayar wa nama suka zo daga Ogba, wasu suna neman su taɓa hannunsa. Mahauta suka laƙaba masa Ƙanƙara, kuma sunan ya zauna. Bai koma fiɗa ba saboda rawar hannun, sai yake zama a kan teburin yana kula da awo, sanye da rigar sanyi ko da rana ta take, don ya ce tun da ya tashi bai daina jin sanyi ba.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya ce wa Balarabe ya kai shi makabarta. Suka tafi a hankali, yana dogara sanda, yana tsayawa ya huta. Kabarin yana can ƙarshen layi kusa da katanga, ruwan sama ya fara kwantar da ƙasarsa, ciyawa ta ɗan tsiro a gefe. Isiyaku ya tsaya ya dube shi daga kai har ƙafa.

"Tsawona aka auna?"

"Tsawonka. Sa'idu bai kai ka ba, sai da ya rage wuri."

Isiyaku ya jingine sandarsa a katanga, ya durƙusa da ƙyar, Balarabe ya riƙe shi a hammata. Ya cire ciyawar da hannunsa mai lafiya, ya gyara tubalin da ya karkace a wajen kai. Ya tambayi sunan mahaifin tsohon, Balarabe ya ce ba wanda ya sani. Sai ya ɗaga hannu ya yi wa Sa'idu addu'a da sunansa kaɗai, ya daɗe yana yi. Da ya shafa, ya ce duk Juma'a zai riƙa zuwa, tun da tsohon ba shi da mai zuwa. Balarabe ya miƙa masa sandar, suka kama hanyar gida.